Malejin keke mai GPS da na aika gida daga Holan

Assalamu alaikum jama'ar gida, musamman mutanen ƙasar Gumel da kewaye. Ina magana da ku ne daga birnin Utrecht na ƙasar Holan, kuma abin da ya sa na kunna kyamara yau wani hoto ne da ƙanena ya turo mini daga ƙauyenmu, wanda tun da na gan shi bakina ya ƙi rufuwa saboda murna. Hoton fuskar ɗan ƙaramin malejin keke ne mai aiki da GPS, wato tsarin gano wuri ta taurarin ɗan Adam, wanda na aika masa ta hannun wani ɗan'uwa da ya tafi gida. Lambar da ke jiki ta nuna cewa ranar Alhamis, zuwa kasuwar Maigatari da dawowa, ya yi tafiyar da ta haura kilomita 50 a kan tsohon keken Baffa ƙirar Phoenix, kuma lokacin zuwa akwai buhun wake ɗaure a kariya. Da na kira shi, cewa ya yi: "Yaya, ashe haka nisan yake? Ni ai ban taɓa lissafa shi cikin tafiya ba."

Sai kun san irin ƙasar da nake zaune za ku gane dalilin murnata. A Holan kekuna sun fi mutane yawa, kuma a tashar jirgin ƙasa ta wannan birni kaɗai akwai wurin ajiya mai ɗaukar kekuna 12,500. Abokan aikina sukan fita ranar Lahadi cikin matsattsun kaya, a kan kekunan da kuɗin guda ɗaya zai sayi shanun huɗa a gida, su bi hanyar da aka shimfiɗa musu da jar kwalta, babu rairayi babu ƙaya, babu tudun da zai sa mutum ya miƙe a kan feda. Idan suka yi kilomita 50 sai su ɗora a Strava, wata manhaja da masu motsa jiki ke nuna tafiyarsu a kai, ranar Litinin a wuni ana yi musu sannu da ƙoƙari. Na nuna musu hoton, na bayyana musu nauyin buhun wake da irin ranar da ake yi a Gumel, sai ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni ko yaron yana cikin wata ƙungiyar 'yan tsere. Na ce masa a garinmu dattawa ma suna yin wannan tafiya kowane mako, bambancin kawai shi ne ba wanda ya taɓa ƙirga musu.

Tambayar da ƙanena ya fara yi mini, kuma na san ita ce a ranku, ita ce ko na'urar tana cin data. Ba ta buƙatar layi, ba ta buƙatar data, kuma ko a dajin da babu sabis ɗin waya tana aiki. Sauraro kawai take yi. Tsarin GPS na Amurka yana da taurarin ɗan Adam da aka tsara ba za su gaza 24 ba, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana aiko da saƙon inda yake da kuma lokaci. Idan na'urar ta kama saƙon aƙalla guda 4, sai ta auna tsawon lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso gare ta, daga nan ta lissafa inda kake. Kafin watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka da gangan take dagula saƙon da farar hula ke samu, har kuskuren yakan kai mita 100, amma tun da aka daina hakan ya dawo 'yan mitoci kaɗan. Yanzu kuma akwai GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin, kuma ƙananan na'urori da yawa suna sauraron fiye da tsari ɗaya, abin da ke sa su kama da wuri. Data tana shigowa ne kawai lokacin da ka haɗa na'urar da waya ta Bluetooth kana son ɗora tafiyar a intanet.

Batun saye shi ne inda raina ya ɗan ɓaci. A shagon keke na unguwarmu, da na faɗi abin da nake nema, kai tsaye aka nufi da ni wurin malejin kamfanonin Garmin da Wahoo, waɗanda manyansu kan kai ɗaruruwan Yuro. Kaya ne masu kyau, ban musa ba: suna da taswira mai launi, suna gaya maka inda za ka karya kwana. Amma wace kwana za su nuna wa mutumin da ya san kowace kuka da kowane burtali tsakanin garinmu da iyakar Nijar? Akwai kamfanonin Sin irin su iGPSPORT da Magene da XOSS da Coospo, da kuma Bryton na Taiwan, masu yin ƙanana da araha. Wanda na saya bai kai Yuro 40 ba, har da kuɗin kawo mini shi gidana na nan, kuma guda biyu na ɗauka, ɗaya nawa ɗaya nasa. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba don ba talla nake yi ba. Abin da yake yi shi ne nuna gudu, da nisa, da tsawon lokacin tafiya, sannan ya adana layin da aka bi. Ba ya nuna hanya, don haka wanda ke neman ɗan jagora kada ya saye shi ya zo yana zagina.

Gargaɗina na farko ga duk wanda zai saya don amfani a ƙauye shi ne kada fuska mai launi ta ruɗe shi. Fuska mai baƙi da fari ita ce ake karantawa sarai a tsakiyar ranar bazara, kuma ita ce ba ta shan batir. Kamfanoni da dama sukan rubuta cewa irin wannan tana yin awa 20 ko fiye da caji ɗaya, kuma ko ka rage wani abu daga alƙawarinsu, ka wuce abin da waya za ta yi maka nesa ba kusa ba. Waya ma tana iya ƙirga tafiya, amma idan ka kunna mata GPS tun safe, ka ɗaure ta a kan keke cikin rana, kafin azahar wayar ta yi zafi batir ya yi ƙasa, a garin da sai ka biya mai caji ko ka jira solar maƙwabci. Nan Holan ma tun ranar 1 ga Yuli 2019 doka ta hana riƙe waya a hannu ana tuƙa keke, tara ake cin mutum. Ka kuma duba bakin cajin, ka zaɓi irin na wayarka, domin igiyar caji ta daban idan ta ɓata a ƙauye sai an je Gumel ko Kano.

Na biyu shi ne ƙura, kuma a nan ne mai sayarwa a Turai ba zai taimake ka ba, domin shi ruwan sama ya sani. Za ka ga an rubuta IPX7 a kwali. Lamba 7 tana nufin na'urar za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, wato ruwan damina ba zai yi mata komai ba. Harafin X ɗin kuwa yana zaune ne a gurbin lambar ƙura, ma'ana ba a ba ta wani matsayi a wannan fanni ba. Mu da muka san hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu mun san inda ƙura ke shiga. Na ce wa ƙanena robar da ke rufe bakin caji kada ya taɓa barin ta a buɗe, kuma ya riƙa goge gefen maɓallai da busasshen tsumma. Wasu na'urorin suna da ɗan rami na auna nauyin iska don lissafa hawa da gangara, ana kuma ƙara musu kuɗi saboda shi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu wannan asarar kuɗi ce, sai dai ko mutanen Dutse su ce suna da abin aunawa.

Sai mazaunin da ake ɗora ta. Kekunan tsere na zamani kaurin ƙarfen kansu milimita 31.8 ne, na tsofaffin kekunanmu irin Phoenix da Raleigh kuwa kusan milimita 22, saboda haka mazaunin da ake ɗaurewa da ƙusa zai yi lako-lako. Wanda ake ɗaurewa da zoben roba ya fi dacewa, amma zafin rana yana cin robar, wata rana a hanya mai gargada za ta tsinke ba sallama. Mai facin garinmu ne ya warware matsalar: ya yanko tsohon tub ya naɗa a ƙarƙashi, ya ƙara ɗaure na'urar da siririyar igiya, ta yadda ko ta zame za ta tsaya tana lilo. Naira 200 ya karɓa. Na yi wa nawa irin wannan ɗaurin a nan, har wani Bature ya tsayar da ni a fitilar hanya yana tambayar inda ake sayar da shi.

Wajen amfani, abin da ya fi ɓata wa sababbi rai shi ne gaggawa. Idan ka kunna ta a cikin ɗaki mai rufin kwano, ko a zaure, ko a ƙarƙashin darbejiya mai duhu, za ta daɗe tana lalube. Ka fito fili ka tsaya har alamar tauraro ta daina ƙiftawa, sannan ka danna maɓallin farawa. Wadda aka kawo daga wata nahiya, kunnawar farko takan ɗauki mintoci, domin sai ta sake gano sararin da take ƙarƙashinsa, kuma wannan ba lalacewa ba ce. A gyara mata lokaci zuwa na Najeriya, wanda ke gaban GMT da awa ɗaya, a kuma tabbatar kilomita take ƙirgawa ba mil ba. Akwai wani tsari da ke dakatar da lissafi da kansa idan keke ya tsaya, wanda a nan yana da amfani saboda fitilun hanya. A gida kuwa, inda rairayi kan tilasta maka sauka ka tura, na'urar tana iya ɗauka ka tsaya ne, ta zubar maka da wurin da ka fi shan wahala. Ka rage ma'aunin gudun da take dakatawa a kai, ko ka kashe tsarin gaba ɗaya. Idan kuma ka zauna hira a kasuwa tana kunne, za ka tarar ta ƙara maka 'yan mitocin da ba ka taka ba, saboda ɗan kuskuren lissafin yana kai-komo ko da kana zaune.

Abu na ƙarshe shi ne wanda na fi ja wa ƙanena kunne a kai. A watan Janairu na 2018 duniya ta ga yadda taswirar da Strava ta wallafa, mai nuna hanyoyin da masu motsa jiki ke bi, ta fito da siffar sansanonin soja a ƙasashe irin su Afghanistan da Siriya, saboda sojoji suna gudu da na'urorinsu a kunne. Idan hakan ta faru da soja, ku auna mutumin ƙauye da ke ɗora tafiyarsa kowa yana gani: ga ƙofar gidansa, ga lokacin da yake fita, ga hanyar da yake bi ranar kasuwa, ga lokacin da yake dawowa da kuɗin ciniki a aljihu. Manhajar tana da wurin ɓoye farkon tafiya da ƙarshenta, tana kuma da wurin taƙaita masu gani, amma sai ka shiga da kanka ka saita. Ni dai sharaɗin da na gindaya masa shi ne kada ya danna farawa sai ya fita bakin titi, ya kashe kafin ya shigo gari, kuma tafiyar Alhamis daga shi sai ni za mu riƙa gani.