Amsoshin Tambayoyinku: gilashin mota mai aiki da wuta

Mai gabatarwa: Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun yau sun taru ne a kan gilashin ƙofar mota, wanda ake danna madanni ya hau ko ya sauka. Injiniya na tare da mu. Ranka ya daɗe, barka da zuwa.

Injiniya: Barka kadai, na gode.

Mai gabatarwa: Wani mai sauraro ya ce, ko yawan ɗaga gilashi na cinye batir?

Injiniya: In mota na kunne, ba komai. Aikin daƙiƙoƙi ne.

Mai gabatarwa: To Malam, ka kwantar da hankalinka. Ga wadda ta fi yawa, kusan rabin wasiƙun ita ce. Wata baiwar Allah ta rubuto: "Gilashina ya sauka ya ƙi hawa. Ina jin ƙara a cikin ƙofa amma ba ya motsi. Me ya lalace?"

Injiniya: Wannan abu ya daɗe fa. Tun 1940 kamfanin Packard na Amurka ya sa shi a motarsa, sai dai a lokacin wuta famfo take juyawa, matsin mai ne ke ture gilashin. Daga baya aka koma wuta zalla...

Mai gabatarwa: Injiniya, Hajiya na can gilashi a buɗe, hadari ya haɗo!

Injiniya: To, mu leƙa cikin ƙofar. In aka cire marfin ciki, za a ga ɗan ƙaramin inji, bai wuce dunƙulen hannu ba, yana shan wutar batir mai bolt 12. A bakinsa akwai ƙarfe mai zare irin na sukuru, shi ke juya wata giya mai haƙora. Giyar ce ke rage gudu ta ƙara ƙarfi. Daga nan iri biyu ne: ko dai ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa kamar almakashi, ko kuma siririyar wayar ƙarfe irin ta birkin keke, da ke naɗewa a ɗan faifai tana jan mariƙin gilashin. Madanni kuwa juya wuta yake yi. Ka danna nan, inji ya juya gaba, ka danna can, wayoyin biyu su yi musayar wuta, ya juya baya.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda yanzu ya kunna rediyo. Madanni ya ba inji wuta, inji ya juya giya, giya ta ja waya ko almakashi, gilashi ya motsa. To ita Hajiya fa?

Injiniya: Tunda tana jin ƙara, wuta na isa, injin ma na raye. Galibi wayar ce ta tsinke ko ta harɗe, ko ɗan robar da ke riƙe gilashin ya karye. Ta daina dannawa, kar wayar ta cinye faifan.

Mai gabatarwa: In kuma shiru ake ji?

Injiniya: Sai a duba sauran ƙofofin. In duka sun mutu, a fara da fis, wato ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa. In na fasinjoji ne kawai suka ƙi, a duba madannin kullewa da ke gefen direba, don sau da yawa gwiwar hannu ce ta taɓa shi. In ƙofa ɗaya ce, ko madanninta ne, ko injin, ko wayoyin da ke bi ta cikin robar nan mai lanƙwasa tsakanin ƙofa da jikin mota. Kullum ana buɗe ƙofa ana rufewa, a hankali su karye daga ciki.

Mai gabatarwa: Kun ji: akwai ƙara, matsalar ƙarfe ce ko waya mai ja. Ba ƙara, a bi sawun wuta. Wani kuma ya ce nasa na hawa da ƙyar, yana taimaka masa da hannu. Haba Malam!

Injiniya: Ya wanke robar gefen da gilashi ke bi, ya fesa man silikon. Kar ya sa baƙin mai, yana kumbura roba yana tara ƙura.

Mai gabatarwa: Wata uwa ta ce ɗanta na son leƙo da kai, shin gilashi zai tsaya in ya taɓa shi?

Injiniya: Wasu motocin na da na'urar da ke ƙirga juyin injin. In juyin ya yi nauyi kafin gilashi ya kai sama, sai gilashin ya koma ƙasa. Ƙa'idar Turai ta ce kar matsin ya wuce niyuton 100, kusan nauyin kilo 10 ke nan. Amma ba kowace mota ke da ita ba, kuma in an cire batir wasu na mantawa, sai an ɗaga gilashi har ƙarshe an riƙe madanni na ɗan lokaci. Sannan giyar nan ba ta iya juya ƙarfen mai zare ta baya. In gilashi ya matse, hannu ba ya iya danna shi ƙasa.

Mai gabatarwa: Wannan ya tsaya mini a rai. Iyaye, don Allah ku danna madannin kullewa in yara na baya, ku waiwaya kafin ku rufe gilashi. Kuma kar a bar yaro a mota da makulli, ko na minti ɗaya ne. Wasu motocin ma gilashinsu na aiki bayan an kashe su, sai an buɗe ƙofa yake yankewa. Ta ƙarshe, Injiniya, a gurguje: in mota ta faɗa ruwa fa?

Injiniya: A cire bel, a sauke gilashi nan take tun wuta ba ta ɗauke ba, a fitar da yara, a fita ta taga. Kar a tsaya kokawa da ƙofa.

Mai gabatarwa: Lokaci ya cim mana. Masu tambaya kan madubin gefe, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa. Injiniya, Allah ya saka da alheri.