Bobuwa: girmanta, halinta da inda take (daga laccar wani likitan dabbobi ga masu shanu da dawakai a Nima, Accra)

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai, alhazai, 'yan'uwa makiyaya, sannunku da zuwa.

Da yawanmu idan saniya ta rame sai mu ce tsando ne, ba ma waiwayar bobuwa, ƙudan nan mai cizon dabbobi. Akwai irinta fiye da 4,000 a duniya. Ƙananan ba su wuce milimita 5 ba, manyan kan kai 25 ko su ɗan haura, ga kauri, ga manyan idanu masu sheƙi. In kun kama ɗaya ku duba kanta: idanun namiji a haɗe suke, na mace akwai tazara a tsakani. Macen ce mai cizo, jini take nema don ƙwanta ya nuna. Namiji ruwan fure kawai yake sha.

Ban da yankunan ƙanƙara da wasu tsibirai irin su Hawai da Aislan, ko'ina akwai ta. A nan Gana ku neme ta inda laka take: bakin kogin Bolta, gonakin shinkafa na Asutsuare, fadamu da mashayar shanu. Tana zuba ƙwai ɗari-ɗari a jikin ciyawar da ta rufa kan ruwa, tsutsotsin su faɗa cikin laka su yi watanni suna girma. Shi ya sa take yawa da damina.

To, ku saurari wannan da kyau, domin nan ɓarnar take. Bakinta ba allura ba ne irin na sauro, yanka fata take yi, jini ya kwararo ta lasa. Saboda zafin cizon, dabba ba ta barin ta ta ƙoshi, sai ta kaɗa jela ko ta yi harbi. Bobuwa ta tashi da ɗanyen jini a baki, ta sauka kan ta kusa. A haka take kwasar sammore, cutar nan mai ramar da dabba wadda aka san tsando da yaɗa ta, daga marar lafiya zuwa mai lafiya, ko da babu tsando ko ɗaya a wurin. Saniya guda da aka sayo daga kasuwar Tulaku da cutar a jikinta ta isa ta jawo wa garke duka.

Don haka sabuwar dabba a ɗaure ta nesa da garke, likita ya duba jininta tukuna. Shayarwa a yi ta da sassafe ko da yamma lis, domin da rana tsaka take farauta, kuma da ido take yi, ta fi bin baƙar dabba mai motsi. Doki a shigar da shi rumfa mai duhu, ba ta cika shiga ba. Hayaƙi yana taimakawa.

Maganin zubawa a gadon baya yana rage ta, amma kada ku dogara da shi kaɗai: ba ta daɗewa a jikin dabba, kuma wasu irinta ƙafafu da ƙasan ciki suke nema. Tarko na shuɗi da baƙin yadi mai raga a sama, a kafa shi a fili inda rana ke dukansa, tsakanin mashaya da garke, a riƙa share ciyawar da ke kewaye da shi.