Sharhin Bayan Labarai: Wa zai koya wa malamin 'yan majalisa?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Ranar 13 ga Yuni, 2023, aka rantsar da Majalisar Tarayya ta goma a Abuja, mai kujerun sanatoci 109 da na wakilai 360. Fiye da rabinsu sababbin shiga ne. Tsarin mulkin 1999 bai nemi ilimin da ya wuce na sakandare ba ga mai son kujerar, amma da zarar ya zauna, aikin da ke jiransa shi ne tace kasafin kuɗi, da tsara doka, da bin diddigin ma'aikatu. Don cike wannan giɓi aka kafa cibiyar nazarin dokoki a 2011, wadda yau ake kira NILDS.

To amma yaya ake koyarwar? Galibi a zauren otal, farfesa ya tsaya yana karanta takarda awa biyu, mai girma sanata yana latsa waya. A sha shayi, a raba jaka da takardar shaida, a watse.

Laifin ba na ɗalibin kaɗai ba ne. Wanda ke zaune ɗin nan wataƙila tsohon gwamna ne, ko ɗan kasuwar da ya shekara talatin yana juya dukiya. Babba ba ya karatu irin na yaro. Ba'amurke Malcolm Knowles, masanin ilimin manya, ya daɗe da bayyana haka: magidanci yana son sanin amfanin darasi tun kafin a fara, yana kuma auna shi da abin da ya gani a rayuwa. Ga kuma girman kai, wanda ɗan siyasa ba ya rasawa. Gara ya yi shiru da ya ce bai gane ba a gaban abokin hamayya.

Shi ya sa horar da masu horarwar ya kamata ya zo farko. Malamin da ya ƙware zai aje lacca, ya ɗauko kasafin wata ma'aikata na bara, ya raba 'yan majalisar biyar biyar, ya ce ku nemo inda aka maimaita aiki ɗaya. Gobe a kwaikwayi zaman kwamiti, wani ya zama minista, saura su yi masa tambayoyi.

Ai mu nan Arewa ba baƙi ba ne a wannan fage. An yi Yaƙi da Jahilci tun shekarun 1950, kuma hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 har lambar yabo ta UNESCO ta samu.

Sai dai a lura da wa za a horar. Ɗan majalisa shekara huɗu ce tasa, zaɓe na iya gaba da shi. Akawun majalisa da sakatarorin kwamitoci su ne 'yan gida. A cikinsu ya dace a zaɓo malaman, musamman a majalisun jihohi 36, inda ba kowace ke da kuɗin ɗauko masana daga Abuja ba.