Sharhi: Ramar mai tarin fuka da abin da likitocin Rosario suka gano a jini

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai tarin fuka ya san cewa ramar ta fi tarin tayar da hankalin 'yan uwa. Ƙashin wuya ya fito, agogo ya riƙa yawo a tsintsiyar hannu, wandon da ya matse bara bana sai an ƙara jan zariya. Ga zufar dare har ta jiƙa shimfiɗa, ga zazzaɓin da ke zuwa da la'asar. A kawo masa tuwo ya ɗan taɓa ya ture kwano. A gida sai a ce ai ƙin cin abinci ne ya jawo, wasu ma su fara zancen sammu. To, akwai wani likita a ƙasar Ajantina da ya shafe shekaru yana bin diddigin wannan rama, kuma a kan aikinsa sharhinmu na yau zai tsaya.

Sunansa Farfesa Oscar Bottasso, masanin garkuwar jiki a Jami'ar Ƙasa ta Rosario. Masu kallon ƙwallo sun san garin, nan aka haifi Messi, a bakin kogin Parana. Tambayar da shi da abokan aikinsa suka sa a gaba mai sauƙin faɗa ce: yayin da garkuwar jiki ke fafatawa da ƙwayar tarin fuka wata da watanni, me ke faruwa da homon, wato sinadaran nan da jiki ke zubawa cikin jini su kai saƙo daga wannan gaɓa zuwa waccan?

Tambayar tana da tushe. Tun a 1855 wani likitan Landan, Thomas Addison, ya bayyana wata cuta da ke kama wasu ƙananan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda, waɗanda likitoci ke kira adirinal. Da aka duba gawarwakin marasa lafiyarsa, sai aka tarar tarin fuka ne ya cinye waɗannan ƙullutai a da yawa daga cikinsu. A lokacin ko ƙwayar cutar ba a sani ba, sai ranar 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya bayyana ta a Balin. Sannan a 1986 Hugo Besedovsky da Adriana del Rey da abokan aikinsu suka nuna cewa wani sinadari da sojojin garkuwar jiki ke fitarwa lokacin yaƙi yana aika saƙo har ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci adirinal ta ƙara zuba kotisol. Ashe garkuwa da homon suna magana da juna. Waɗannan masana biyu ne Bottasso ya yi aiki tare da su daga baya.

Bari mu ɗan tsaya a kan kotisol, don shi ne ƙashin bayan zancen. Kotisol birki ne. Idan garkuwar jiki ta tashi haiƙan, ta kunna kumburi da zazzaɓi, kotisol ke taka ta don kada ta yi wa jikin ɓarnar da ta fi ta cutar. A ciwon kwana uku ko mako guda wannan tsari alheri ne. Amma tarin fuka ba ciwon mako guda ba ne. Ƙwayar tana shiga cikin ƙwayoyin garkuwar da aka turo su cinye ta, ta yi zamanta a ciki, yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sai jiki ya wayi gari yana taka birki da totur a lokaci guda.

Abin da ayarin Rosario suka gani ke nan da suka auna jinin sabbin masu tarin fuka na huhu, suka kwatanta da na masu lafiya, a binciken da suka wallafa a 2007. Kotisol ya ɗan hau. Wani homon da shi ma daga adirinal yake fitowa, mai suna DHEA, wanda ke sassauta tasirin kotisol kuma yake mara wa garkuwa baya, ya faɗi sosai. Testosteron, homon ɗin da ke riƙe tsokar namiji da kuzarinsa, shi ma ya faɗi. Kuma duk wanda cutar ta fi yi wa illa a huhu, tazarar da ke tsakanin kotisol da DHEA ta fi faɗi a jininsa.

Ba su tsaya a awon jini ba, kuma a nan ne aikin ya burge ni. Sun ɗebi ƙwayoyin garkuwa daga jinin marasa lafiya, suka tsokane su da ɓurɓushin ƙwayar tarin fuka a ɗakin gwaji, suka tace ruwan da ƙwayoyin suka zuba, sannan suka zuba shi a kan ƙwayoyin adirinal da ake rainon su a cikin faranti. Sai fitar DHEA ta ragu. Ma'ana, garkuwar ce da kanta ke aika saƙon da ke rage abin da take buƙata. Daga baya kuma suka duba sinadaran da ke kula da yunwa da ƙoshi, suka tarar su ma sun rikice: wanda ke kiran yunwa ya hau a jini, amma mara lafiya bai ji sha'awar abinci ba. Saboda haka uwargida da ke ta fama da shi a kan ya daure ya ƙara loma ɗaya, ki yi masa uzuri, ba taurin kai ba ne.

Gaskiya ɗaya ce, wannan bincike bai haifar da sabon magani ba tukuna. Adadin marasa lafiyar da ake aunawa a irin wannan aiki ba shi da yawa, kuma ganin abu biyu suna tafiya tare ba ya nuna wanne ya jawo wanne. A Meziko, Rogelio Hernández-Pando tare da Graham Rook na Landan sun ba ɓeraye masu tarin fuka DHEA a shekarun 1990 sun ga sauƙi, amma ɓera daban, mutum daban. Kada wani ya ji wannan shiri ya tafi neman DHEA a kemis. Su kansu masu binciken Rosario sun ga cewa idan mutum ya lizimci maganin tarin fuka, ma'aunin homon ɗin yana komawa daidai a hankali.

To me ya sa muke kawo zancen Ajantina a gidan rediyon Hausa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum kusan miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka, kimanin miliyan 1.25 suka mutu, kuma Najeriya na cikin ƙasashe takwas da suka ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na masu cutar. An ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar, amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai take tasar wa a tsawon rayuwarsu. Sauran garkuwarsu ta tsare ta. Abin da ke buɗe mata ƙofa sanannu ne: ƙanjamau, yunwa, taba, giya, da ciwon sukari, wanda shi ma cutar homon ce kuma yana ninka haɗarin sau biyu zuwa uku.

Sai kuma wanda muke saya da kuɗinmu. Ƙwayoyin deksametason da firednisolon 'yan uwan kotisol ne, har sun fi shi ƙarfi. A garuruwanmu ana sayen su ba takardar likita, wasu don ciwon gaɓoɓi, wasu don su yi ƙiba, ana haɗa su cikin abin da ake kira sha-ka-fashe. Fuska ta cika, kumatu su yi ɓul-ɓul, a ce wance ta murmure. A likitance an daɗe da sanin cewa shan irin waɗannan ƙwayoyi na tsawon lokaci yana raunana garkuwa har ƙwayar tarin fuka da ke kwance ta farka. Mafi muni shi ne a ba wanda ya riga ya fara rama da tari, don za su danne zazzaɓin, su buɗe masa ciki na ɗan lokaci, a ɗauka sauƙi ya samu, alhali cutar na ƙara cin huhu kuma yana ci gaba da yaɗa ta a ɗaki.

Wannan ba ya nufin ƙwayoyin ba su da amfani. Idan tarin fuka ya haura ƙwaƙwalwa ya zama sanƙarau, kumburin ne ke kashewa, kuma gwajin da Guy Thwaites ya jagoranta a Biyetnam, wanda aka wallafa a 2004, ya nuna cewa ƙara deksametason a kan maganin tarin fuka yana rage mace-mace. Amma likita ne ke aunawa, ya san ranar farawa da yadda za a janye a hankali. Wani abin lura ga mata: rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yana sa hanta ta gaggauta narkar da homon, don haka yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Mace da aka ɗora a kan magani ta gaya wa ma'aikaciyar asibiti abin da take sha.

Ta fuskar abinci kuwa, akwai abin da aka gwada ya yi aiki wajen kare sauran mutanen gida. A jihar Jharkhand ta Indiya, binciken da Anurag Bhargava ya jagoranta, wanda ya fito a 2023, ya riƙa ba iyalan masu tarin fuka shinkafa da wake da sinadaran gina jiki kowane wata. Sabbin kamuwa a waɗannan gidaje suka ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A nan gida gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata shida ake sha ba fashi, amma abincin yana wuyan iyali, kuma sau da yawa mai nemo shi ne ke kwance, tunda cutar ta fi kama maza masu jini a jika. Hukumomin zakka da masu rabon tallafi a jihohinmu suna da rumbun hatsi, cibiyoyin tarin fuka kuma suna da rajistar gidajen da ake shan magani. Haɗa waɗannan biyu ba ya buƙatar jiran sakamakon wani sabon bincike.

Wanda tari ya kai masa mako biyu, ya je a gwada kakinsa. Mu kwana lafiya.