Gidan Percy na Alnwick: Sunan Ya Rayu, Tsatson Maza Ya Yanke Sau Uku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Inda nake tsaye gada ce a kan kogin Aln, can arewa maso gabashin Ingila, dab da iyakar Scotland. Garin ana rubuta shi Alnwick, amma mutanen wurin Anik suke cewa, to mu ma haka za mu kira shi. Ku dubi zakin nan da ke kan gadar, wutsiyarsa a miƙe sambal kamar sanda. Alamar gidan Percy ke nan. Ganuwar da kuke hange a bayana ita ce gidansu, kuma suna cikinsa tun 1309. Yau salsalar gidan za mu bi, domin duk wani tarko da mai binciken nasabar masu sarautar Ingila zai iya faɗawa ciki, akwai shi a wannan gida ɗaya.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne yadda sarautar ke tafiya. A wajenmu, idan sarki ya rasu, masu zaɓen sarki suna zama su duba 'ya'ya da jikokin gidan su fitar da ɗaya. A nan babu zaɓe. Takardar da sarki ya bayar ranar da aka ƙirƙiri sarautar ita ce ke faɗin wanda zai gada, kuma mafi yawanci babban ɗa namiji ne da aka haifa ta hanyar aure. In babu ɗa, sai ƙane, sai ɗan ƙane, matuƙar daga tsatson wanda aka fara ba shi ya fito ta wajen maza. In maza suka ƙare, sarautar ta mutu, ko da gida cike yake da 'ya'ya mata. Gonaki da gidaje kuwa hanyarsu daban, mace tana iya gadonsu. Saboda haka abubuwa uku ne kake bi: jini, suna, da sarauta. Wanda ya ɗauka cewa hanya ɗaya suke bi, ya ɓata tun daga bakin ƙofa.

Kakan gidan shi ne William de Percy, mutumin Normandy a Faransa, wanda ya tsallako bayan cin Ingila da aka yi a 1066. Sunansa yana cikin littafin Domesday, kundin ƙidayar filaye na 1086, da gonaki masu yawa a Yorkshire da Lincolnshire. Ana yi masa laƙabi da mai gashin baki a Faransancin lokacin, daga nan ne sunan Algernon ya fito, wanda har yau ake raɗa wa 'ya'yan gidan. Ba a daɗe ba tsatsonsa na maza ya yanke, a ƙarni na 12. Aka bar 'ya'ya mata biyu, Maud da Agnes. Agnes ta auri Joscelin na Louvain, ɗan uwan matar Sarki Henry na ɗaya, kuma 'ya'yansu sunan gidan uwa suka ɗauka, don a can dukiyar take. Yankewar farko ke nan. Duk wani Percy da ya yi suna a yaƙe-yaƙen zamanin da, ta wajen uba jinin Louvain ne.

A 1309 Henry de Percy ya sayi wannan gida daga hannun Antony Bek, Bishop na Durham. Daga nan sai matsalar takwara ta kunno kai. Tun daga wannan Henry har zuwa wanda ya rasu a 1537, mutum goma ne a jere, uba da ɗa, kowannensu Henry Percy. In ka ga takarda ta ce Henry Percy kawai, ba ta gaya maka komai ba. Dole ka nemi shekara, ka nemi sunan matarsa. Sunan mata shi ne ke raba takwarori, shi ya sa duk zanen salsala da aka yi ba tare da matan aure ba, ni ban ɗauke shi aiki ba.

A 1377 aka ba Henry na huɗu a wannan jeri sarautar Erl na Northumberland, wato yankin da muke ciki. Erl babban muƙami ne a sarautun Ingila, ƙasa da Diyuk. Ɗansa shi ne jarumin nan da ake yi wa laƙabi da Hotspur, wanda aka kashe a yaƙin Shrewsbury a 1403 yana yi wa Sarki Henry na huɗu tawaye. Uban kuma aka kashe shi a Bramham Moor a 1408. To ku lura, Hotspur bai taɓa zama Erl ba, don ya riga mahaifinsa mutuwa. Erl na biyu jikan na farko ne, kuma sai a 1416 aka mayar masa da sarautar bayan an ƙwace ta. Lambar sarauta ba lissafin zuriya ba ce. Wanda ya jera na ɗaya, na biyu, na uku, ya ja layi a tsakaninsu a matsayin uba da ɗa, ya zubar da mutum guda, kuma mutumin da ya fi kowa suna a gidan.

Ga yadda aka ci gaba, kuma labarin ba daɗi. An kashe Erl na biyu a St Albans a 1455. An kashe na uku a Towton a 1461. Na huɗu talakawan Yorkshire ne suka kashe shi a 1489 kan harajin da ya je karɓar wa sarki. Na biyar ne ya fara mutuwa a kan gadonsa, a 1527. Na shida ya rasu a 1537 babu ɗa, ƙanensa Thomas da ya kamata ya gaje shi kuma an rataye shi a wannan shekarar saboda tawaye, hukuncin cin amanar ƙasa ya toshe wa 'ya'yansa gado. Sai a 1557 Sarauniya Mary ta ba ɗan wannan Thomas sarautar da sabuwar takarda. Shi ya sa a wani littafin za ka gan shi a matsayin Erl na bakwai, a wani kuma na ɗaya. Mutum ɗaya ne. An fille masa kai a York a 1572. Ƙanensa, na takwas, an tsinci gawarsa da harbin bindiga a Hasumiyar Landan, kurkukun sarki, a 1585. Na tara ya yi zaman wannan hasumiya daga 1605 zuwa 1621, don wani danginsa yana cikin waɗanda suka shirya tarwatsa majalisa da albarushi.

A tsakanin waɗannan shekaru akwai giɓi, kuma a cikin giɓin an ba wasu mutane sunan Northumberland. John Neville ya riƙe Erl daga 1464 zuwa 1470. John Dudley ya zama Diyuk na Northumberland a 1551, aka kashe shi a 1553. Daga baya George FitzRoy, ɗan Sarki Charles na biyu, shi ma ya riƙe. Babu ɗayansu da yake Percy. Northumberland sunan yanki ne da sarki ke liƙa wa wanda ya so, kamar yadda Galadima ko Ciroma ba sunan mutum ba ne.

Yanzu ku matso mu dubi tambarin gidan, don shi ma yana iya yaudara. Akwai shuɗin zaki a kan ruwan zinariya. Akwai 'yan siffofi biyar masu tsini sama da ƙasa, jere a kan shuɗi, tsohuwar alamar Percy. Sannan ga kifaye uku farare a kan ja. Kifayen na gidan Lucy ne na Cockermouth. Ƙa'ida ita ce in ka ga alamar wani gida a cikin tambari, to an auri magajiyar gidan an haihu da ita. A nan kuwa ba haka ba ne. Erl na farko ya auri Maud Lucy a aurensa na biyu, ba su haihu ba, amma ta bar wa gidan Percy filayenta da sharaɗin su riƙa ɗaukar alamar gidansu. Kifayen suna nan fiye da shekara 600, ba don 'ya'yanta ba.

Yankewa ta biyu ta zo a 1670. Josceline, Erl na 11, ya rasu a Turin ta Italiya yana da shekara 25, ya bar 'ya ɗaya, Elizabeth, mai shekara uku. Sarautar ta mutu, dukiya ta faɗo kan yarinya. Abin da aka yi da ita abin tausayi ne, domin kafin ta cika shekara 16 an aurar da ita sau uku. Na farko, Henry Cavendish, ya rasu a 1680. Na biyu, Thomas Thynne na Longleat, an harbe shi a cikin kekensa na doki a Landan. Na uku shi ne Charles Seymour, Diyuk na Somerset na shida, a 1682.

Kisan Thynne yana koyar da wani abu game da kwanan wata. An ɗaura auren a 1681, an kashe shi ranar 12 ga Fabrairu 1682. Amma kafin 1752 sabuwar shekara a hukumance a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa. Saboda haka takardar da aka rubuta a lokacin za ta ce Fabrairu 1681, sai ka ga kamar an kashe ango kafin ɗaurin aure. Duk kwanan da ya faɗa tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris kafin 1752, masu bincike suna rubuta shi da shekara biyu, kamar 1681/2. In ba ka yi haka ba, za ka haifi yara kafin auren iyayensu, ka binne mutane kafin su rubuta wasiyya.

A wannan tsakanin ne wani mai ƙera akwatuna daga Dublin, James Percy, ya fito ya ce shi ne magajin sarautar. Ya yi shekaru yana shari'a. Sunan yana da shi, abin da ya kasa kawowa shi ne takardar da ke haɗa kakansa da wani ɗan Erl. A 1689 majalisar masu sarauta ta kori ƙararsa, ta kuma ce a zagaya da shi a Westminster da takarda a ƙirji mai bayyana shi a matsayin mai da'awar ƙarya. Har gobe akwai masu suna Percy a Amurka da Ostareliya da ke manna kansu a wannan gida a shafukan intanet, kuma ramin da James ya faɗa shi ne dai suke faɗawa.

Ɗan Elizabeth, Algernon Seymour, yana da ɗa namiji ɗaya, agana ta kashe shi a Bologna a 1744. Yankewa ta uku. Saura 'yarsa, ita ma Elizabeth, wadda ta auri Sir Hugh Smithson na Stanwick a Yorkshire a 1740. Ga dabarar da aka yi: a 1749 aka ba Algernon sabuwar sarautar Erl na Northumberland, aka rubuta a takardar cewa in ya rasu babu ɗa, surukinsa ne zai gada. Ya rasu a 1750. Smithson ya gada, majalisa ta yi doka ta musamman ya koma Percy, a 1766 kuma aka ɗaga shi zuwa Diyuk. An raba dukiya a lokacin: Anik da gidan Syon na Landan suka zo wannan ɓangare, gidansu na Petworth da ke kudancin Ingila ya tafi gidan Wyndham. Masu riƙe da ganuwar nan yau, ta wajen uba Smithson ne, ta wajen mata biyu kuma jikokin Hotspur ne na gaskiya. Wannan Diyuk na farko yana da wani ɗa da ba ta hanyar aure aka haifa ba, James Smithson, wanda bai gaji komai na sarauta ba, amma dukiyar da ya bari ce ta kafa cibiyar Smithsonian a Washington a 1846.

Babban ɗan Diyuk ɗin shi ne misalin da nake so ku riƙe game da canjin suna. An haife shi Hugh Smithson a 1742. Daga 1750 ya zama Percy, ana kiransa Lord Warkworth. Daga 1766 ana kiransa Erl Percy, kuma da wannan sunan ya jagoranci sojojin Birtaniya a Lexington ta Amurka a 1775. A 1786 ya zama Diyuk na biyu. Sunayen tsakiyar na aro ne, ƙananan sarautun mahaifinsa ne da magaji ke amsawa kafin ya hau. Mai binciken da bai san wannan ba zai rubuta mutum huɗu.

Wani abin mamaki kuma ya faru a 1865, da Diyuk na huɗu ya rasu babu ɗa. Sarautar Diyuk ta koma wa ɗan baffansa George, dattijo mai shekara 86. Amma akwai ƙaramar sarautar Baron Percy da aka samar a 1722 bisa kuskure, lokacin da aka kira Algernon Seymour majalisa da zaton ya gaje ta daga uwarsa. Irin wannan sarauta da ta samo asali daga takardar kira mace tana iya gadonta, don haka ta bi ta ɓangaren mata ta tafi gidan Diyuk na Atholl a Scotland. Mutum ɗaya ya rasu, sarautunsa suka kama hanya biyu. A zamanin nan ma gadon bai tafi a miƙe ba: an kashe Diyuk na tara a yaƙi a 1940, ƙanensa ya gada, na 11 ya rasu a 1995 bai yi aure ba, ƙanensa Ralph ya zama na 12.

Ga mai son ya yi wannan aiki da kansa, daga yau ake farawa a koma baya, ba daga 1066 a gangaro ba. Daga 1837 akwai rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa. Kafin nan sai rajistar coci, wadda aka ba da umarnin a fara a 1538, ko da yake da yawa daga cikin na farkon sun ɓace. In ka wuce nan, abin dogaro shi ne binciken da jami'an sarki ke yi duk lokacin da babban mai ƙasa ya rasu, inda ake rubuta filayensa da sunan magajinsa da shekarunsa. Waɗannan takardu suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew. Kundin The Complete Peerage yana taimakawa ƙwarai wajen jera masu sarauta da ranakunsu, sai dai magada yake bi, ƙanne da 'ya'ya mata ba ya zurfafawa a kansu, a nan ne sai ka nemi wasiyyoyi da yarjejeniyoyin aure. Kowane layi da ka ja tsakanin uba da ɗa, ka rubuta takardar da ta tabbatar da shi a gefe, wanda ba ka samu ba ka bar shi da fensir.

Iska ta fara kaɗawa, sanyin arewa ba wasa. Bari mu haura ta ƙofar ganuwa in nuna muku mutum-mutumin dutsen da ke tsaye a kan katanga.