Fargo da Haɗamar Ɗan Adam: Laccar da Aka Yi wa Matasa Masu Shirya Fim a Asawase, Kumasi

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Abubuwa uku zan faɗa a kan Fargo, fim ɗin da wa da ƙani, Joel da Ethan Coen, suka fitar a 1996. Na farko shi ne labarin. Jerry dillalin motoci ne a birnin Minneapolis na Amurka, bashi ya yi masa katutu, surukinsa kuma attajiri ne mai maƙo. Sai ya ɗauko ɓata-gari biyu su sace matarsa. Matarsa ta aure, jama'a, uwar ɗansa! Ya ce musu kuɗin fansa dala 80,000 ne, a raba biyu, ga kuma mota ya ba su. Surukin kuwa miliyan 1 ya ce masa. Tun ba a je ko'ina ba ɓarawo ya cuci ɓarawo.

Ku biyo ni nan, don wurin nan nake so. Ɗaya daga cikin ɓata-garin, Carl, ya buɗe jaka ya tarar da miliyan guda. Ya cire 80,000, sauran ya binne a dusar ƙanƙara gindin shingen waya. Ya duba gabas, ya duba yamma, ko'ina fari fat, sai ya soka ɗan jan abin kankare gilashin mota don shaida. Yanzu mutumin nan, da harsashi ya yage masa muƙamuƙi, jini na zuba, ya koma wajen abokinsa. Me ya tsaya yi? Rigima a kan wa zai tafi da motar! Mota ɗaya! Dala 920,000 na jiran sa a ƙasa, yana ciniki kamar mai sayen albasa a kasuwar Kejetia. A kan motar nan aka sare shi da gatari. Kuɗin kuma suna can, ba wanda ya ci. Na ga Hajiya tana dariya tana rufe baki. Haka fim ɗin yake so, ki yi dariyar, gabanki kuma ya faɗi. Mota ɗaya fa!

Na biyu, Marge, shugabar 'yan sandan ƙaramin garin Brainerd, wadda ke binciken lamarin. Cikinta wata bakwai, ba ta tsawa, tambaya kawai take cikin ladabi har mai ƙarya ya rikice. Frances McDormand, wadda ta fito a matsayin Marge, ta ci lambar yabo ta Oscar da wannan rawa. Na uku kuma, batun rubutun da aka sa a farkon fim ɗin cewa labarin gaske ne, alhali ƙirƙira ce, amma... na'am ɗana, faɗi.

Ya ce ya dace a yi dariya a inda aka kashe mutum bakwai? Kai, na ji daɗin tambayar nan. Ka lura da wa ake yi wa dariyar. Ɗan sandan da aka harbe a gefen hanya, da bayin Allah biyun da suka zo wucewa, wurin nan ba a shirya shi don dariya ba, tsit za ka yi. Mai haɗama ake yi wa, lokacin da dabararsa ke watsewa. Ku da kuke ɗaukar fim da waya a Aboabo, kuna kallon Kumawood, wato finafinan Kumasi, kun san ban dariya. Idan za ku yi labarin ɗan damfara, ku nuna shi yana gumi, yana in-ina a gaban mai tambaya, kada ku ba shi kwarjini. Ka kawo mini rubutunka bayan la'asar mu duba tare.