Buhun Shinkafa Ba Ya Biyan Bashi

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro.

Makon jiya a unguwar Nima da ke birnin Akra, ƙasar Ghana, na ga abin da ya tsaya min a rai, shi ya sa na zo muku da sharhin yau. Wani kamfanin kayan sha, ba zan kama suna ba, ya zo da babbar mota shaƙe da buhunan shinkafa 'yan kilo biyar-biyar, da man girki da sukari. An kafa rumfa, an rataya ƙyalle mai tambarin kamfanin, an jera iyayenmu mata tun hantsi, galibinsu tsofaffi da waɗanda mazansu suka rasu. Ba a ba kowa komai ba sai da manaja ya iso, shi ma bai miƙa ba sai da masu ɗaukar hoto suka gama shiri. Wata tsohuwa ta karɓi nata ta juya za ta tafi, sai aka ce, "Mma, dawo, hoton bai fita ba." Ta dawo, ta mayar da buhun, ta sake karɓa. Taku kaɗan bayan rumfar nan kuwa babbar kwatar Nima ce, cike da ledoji da robobi, da yawansu ɗauke da tambarin da ke jikin ƙyallen.

Da daddare na ji ana karanta labarin, wai kamfanin ya sauke nauyin al'umma da ke wuyansa. Wane nauyi aka sauke? Kyauta aka yi, Allah ya saka da alheri. Ban raina shinkafa ba, na san gidajen da buhun nan zai sa a ɗora tukunya har mako guda. Amma kyauta daban, bashi daban. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya san idan mutum ya rasu, bashinsa ake fara biya kafin a taɓa wasiyya, balle gado. Wanda ake bi bashi ba ya raba sadaka a ƙofar masallaci ya ce ya fita. Buhun shinkafa ba ya biyan bashi.

Bashin farko na ma'aikata ne. Akwai wani yaro ɗan unguwarmu da ke lodin kaya a wata masana'anta a Tema. Ana idar da sallar asuba yake kama mota, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Shekara uku ke nan yana wannan aiki, amma a takarda bai taɓa cika wata shida ba. Ya ce min, "Baba, da mun kai wata biyar sai a ce mu je mu huta, bayan sati biyu a sake ɗaukarmu kamar baƙi." Ruwa ba ya tsami banza. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere a hannun mai gida ɗaya, a ɗauke shi tamkar na dindindin. Ga kuma kuɗin fansho na SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, inda mai gida ke zuba kashi 13 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5.5. Gudun waɗannan haƙƙoƙi ne ya sa ake korar yaro kafin wata na shida. Ran da ƙashin bayansa ya gaji, ba shi da ko sidi ɗaya a ajiye da sunansa. Sannan a ɗauko kaɗan daga abin da aka danne masa a saya wa uwarsa shinkafa, a ce ta yi murmushi! Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Gumin yaron nan ya bushe shekara uku.

Sai haraji. Doka ta ɗora wa yawancin kamfanoni kashi 25 cikin ɗari na ribarsu, amma duk harajin da ƙasar nan ke tarawa ya daɗe bai kai kashi 15 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara ba. Mai koko da ƙosai a bakin titi kullum sai ta yanki tikitin ƙaramar hukuma, ba ta da lauya, ba ta da akawun da zai kumbura mata lissafin kashe-kashe har riba ta ɓace a takarda. Da harajin nan ake sayen gadon asibiti da bencin makaranta. Wanda ya zille masa ya zo ya shafa wa aji biyu fenti mai launin kamfaninsa, da hannun dama ya ba mu, da na hagu ya kwashe ninkin-ba-ninkin.

Sannan shara. Wa ya manta daren 3 ga Yuni, 2015? Ruwa ya cika Akra, magudanai sun toshe, kogin Odaw ya yi ambaliya, wuta ta tashi a gidan mai da ke shataletalen Kwame Nkrumah inda mutane suka fake, fiye da rai 150 suka salwanta. Mun yi kuka, mun yi alkawari. Ku leƙa kwatar Nima da Mamobi yau ku gaya min abin da ya canza. Gaskiya mu ma muna zubar da shara inda bai dace ba, wannan laifinmu ne. Amma wanda ke fitar da ledoji da robobi mota-mota kowace safiya, ya ci ribarsu, ba zai ce inda suka ƙare ba ruwansa ba.

Na san za a ce kamfani ba gwamnati ba ne, neman riba ya fito. To wa ya ce ya zama gwamnati? Ya ci ribarsa, halal ce. Mu dai ya biya ma'aikaci, ya biya haraji, ya kwashe sharar da ya haifar. Ba alfarma muke roƙo ba.

Kuma ba wai abin ya gagara ba ne. A 2020, lokacin korona, 'yan kasuwar ƙasar nan sun haɗa kuɗi suka gina cibiyar kula da cututtuka masu yaɗuwa mai gado 100 a gundumar Ga ta Gabas da ke yankin Akra cikin 'yan watanni. A yankin Ahafo, tun 2008 kamfanin Newmont ya yi yarjejeniya da garuruwan da yake haƙar zinariya, dala ɗaya a kan kowane oza da aka sayar da kuma kashi ɗaya cikin ɗari na riba suna shiga asusun raya garuruwan. Ana iya gardama ko ya isa, amma a rubuce yake, mutanen gari sun san abin da suke bi, ba sai ran da manaja ya ga dama ba. Indiya ma tun dokar kamfanoni ta 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin ɗari na ribarsu kan al'umma. Ko irin wannan doka za ta yi aiki a nan, ina da shakka, domin waɗanda muke da su ma ba a bi. Tsorona kada ta ƙare a ƙarin rumfuna da ƙarin masu hoto.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sarakunan zango da limamai da shugabannin matasa, ku ake fara gaisarwa kafin a kafa rumfa. Me ya hana ku tambaya? Yaranmu nawa kuka ɗauka aiki na dindindin? Kuna zuba musu fansho? Wa zai kwashe robobinku daga kwatarmu? In an ba ku amsa, ku sa albarka. In an yi shiru, ku karɓi shinkafar saboda marayu, amma kada ku tsaya gaban na'ura ku ce an sauke nauyi, domin ba a sauke ba. Alhazanmu masu shaguna da motocin haya, maganar nan har da ku. Yaron shago da ya yi shekara goma a hannunka ba albashin kirki ba sallama, ragon layya da kake rabawa bai wanke ka ba.

Shinkafar Nima ta ƙare a tukwane tun shekaranjiya. Damina na tafe, kwatar tana nan yadda na bar ta. Yaron nan na Tema kuwa, ƙarshen watan nan yake cika wata biyar.